Uwar Kwarkwasa da Kejin Odorico

Anajá, bakin kogin Arapiuns
Maris, 1986

Yaya Anacleto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Cilene da yara, da fatan kuma sanyin gidan ƙanƙarar da kake aiki bai gama cinye maka gwiwoyi ba. Mu nan mun gode Allah. Tarin Inna ya taso tun saukar ruwa, amma tana cin abinci, tana kuma da ƙarfin yi mini faɗa, don haka ban tsorata ba. Ta ce in tuna maka kakarka da kakata nono ɗaya suka sha, ko da Santarém ta mantar da kai.

Yaya, amyoyin Baba sun tafi. Ka san su, kututturan nan na ƙananan ƙudan zuma marasa harbi da ya jera a bayan gida kafin ya rasu, waɗanda da zumarsu muke ci, da ita kuma nake lallaɓa ƙirjin Inna. Kwarkwasa ta shige su ina can rumfar suyar garin rogo. Da na dawo sai ɓawo na tarar. Biyu kaɗai suka tsira, su ma don dama suna kan bencin da ƙafafunsa ke cikin gwangwanayen ruwa. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba.

Na san za ka ce ina kunnena yake. Ai tun muna yara kwarkwasa ba ta taɓa shammatarmu ba, domin uwar kwarkwasa tana riga ta yin shela. 'Yar tsuntsuwar nan mai jan kewayen ido nake nufi, mai bin sahun runduna tana cafke kyankyasai da gyare masu gudun ceton rai. Da na ji kukanta daga kurminka sai in ɗora amyoyi kan ruwa, in zagaye su da toka, in fitar da Inna inuwa, kwarkwasa ta shigo ta share mana ɗaki ta wuce abinta. Wannan karon shiru kake ji, domin babu tsuntsuwar da za ta yi kukan.

Odorico ne ya kashe tsuntsayen. Maƙwabcinmu na gangare, wanda ka bar wa izinin shiga kurminka ɗibar itace. Ka san yana da tsuntsun waƙa a keji, Kyaftin yake ce masa, yana hira da shi fiye da yadda yake hira da matarsa. To wai shi ya lura duk ranar da tsuntsuwar ta yi kuka kwarkwasa na tafe, ashe kenan ita ke jan ta zuwa gidajen mutane, wata rana kuma za ta jawo ta kan Kyaftin. Tun kafin Kirsimeti yake bin su da danƙo, ɗaya bayan ɗaya, ban sani ba.

Na je har ƙofarsa na faɗa masa abin da ya jawo mini. Yana zuba wa Kyaftin ruwa, ko juyowa bai yi ba, ya ce, “Dona Zuleide, kamata ya yi ki gode mini. Ni na raba ki da masu kawo miki bala'i. Wannan da ta zo, ragowar wadda suka riga suka kira ce.”

Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Na tsani mutumin nan, Yaya, na tsani har tarinsa idan na jiyo shi ta kan ruwa. Ba ni da wa, ba ni da miji, kai ne namijin da ya rage mana ko da na nesa ne. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Ƙanwarka,
Zuleide

Santarém
Mayu, 1986

Ƙanwata Zuleide,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, Allah ya ba ta sauƙi. Ki ce mata ban manta kowa ba, jirgin ruwan Seu Tibúrcio ne ba ya zuwa sai ya ga dama. Mu lafiya lau, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda ta warke. Gwiwoyina kuwa suna nan, sun fi bakinki lafiya.

Takardarki a bakin tasha na karanta ta, a tsaye, har wani masunci ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce kusan haka. Amyoyin da Kawu ya yi shekaru yana tarawa, wanda har ya taɓa zane ni don na tsoma yatsa a ɗaya, su ne wani sakarai zai sa su salwanta saboda tsuntsun da bai kai loma biyu ba?

Ai Odorico ba yau ya fara ba. Ke kina ƙarama lokacin, amma shi ne ya hankaɗa ni cikin kogi ranar bikin Waliyyi Benedito, ina sanye da farin wandon da na aro, 'yan mata na tsaye suna kallo. Har yau idan na tuna sai kunnuwana su yi zafi. Na bar shi yana shiga kurmina ne don darajar matarsa, ba don fuskarsa mai kama da busasshen kifi ba.

Na rantse da Allah, da ni ne a wurinki, da sai in nemo inda kwarkwasar nan take kwana, in ɗauko ta da kututturenta, in dire masa a gindin ginshiƙin da yake rataye kejin. A lokacin zai san yadda ake kawo wa mutum kwarkwasa da gaske. Ya kashe miki tsuntsaye, ya ɗanɗana yadda abin yake.

Ga kwalbar maganin tari na sa a hannun Seu Tibúrcio, da sabulu daga Cilene. Ki kula da biyun da suka rage. Idan aiki ya yi sauƙi zan leƙo.

Yayanki,
Anacleto

Anajá
Agusta, 1986

Yaya Anacleto,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Magani ya iso, Inna ta sha ta ce ɗacinsa ya nuna na kirki ne. Tarin ya lafa tun da ruwa ya fara ɗaukewa. Sabulun Cilene kuwa ta ɓoye shi a akwati, ta ce ya fi ƙarfin wankan yau da kullum.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Ban san kana da kai haka ba. Duk tsawon watannin nan ina ta saƙa in fasa masa kwalekwale, in yanke masa komar kamun kifi, duk ba su kwanta mini ba, domin abin da za a gyara ne da ƙusa da zare. Naka ne ya zauna daram.

Ga albishir kuma. Odorico bai gama da tsuntsayen ba. Wata safiya ina ɗibar ruwa sai na ji kukan nan can cikin kurminka, ƙasa-ƙasa. Na yar da bokiti na shiga. Biyu ne, mace da namiji, sun yi sheƙa a cikin wani ruɓaɓɓen kututturen kwakwa da bai kai ƙuguna ba. Na tsaya ina kallonsu suna sauka ƙasa suna ɗaukar ƙwari suna komawa reshe, ga jan nan kewaye da idonsu. Ban san lokacin da na fara yi musu magana kamar mahaukaciya ba. Muddin suna nan, amyoyina biyu suna da mai gadi, in Allah ya so kuma baɗi su zama huɗu.

Su suka kai ni inda nake nema. Na riƙa bin kukansu da safe, daga nan in bi layin kwarkwasa baya-baya, har na iske masaukinta. Ta dunƙule a cikin wani kututture mai rami, gajere, wanda zan iya ja. Lokacin saka ƙwanta ne, ba za ta tashi nan kusa ba. Na tanadi laka da buhu biyu don toshe bakunan.

Jira kawai nake. Ruwa na janyewa, kwanan nan Odorico da matarsa za su tafi tafki kamun kifi na yini guda, kuma ba ya tafiya da keji cikin rana, a baranda yake barinsa. Ban gaya wa Inna ba. Kai kaɗai ka sani, tunda kai ka haifi shawarar.

Ƙanwarka,
Zuleide

Santarém
Satumba, 1986

Zuleide,

Ina gaishe ki da Inna, mu duka lafiya. Ba zan tsawaita ba, jirgi na shirin tashi.

Kada ki yi. Don girman Allah kada ki taɓa kututturen nan. Wace shawara na haifa? Magana ce ta fushi, na rubuta ta bayan na ɗan kurɓa da abokai, irin abin da namiji ke faɗa ya ji sanyi a ransa. Ni da ko kyankyaso Cilene nake kira ta kashe, ni ne zan ɗauki kwarkwasa? Da na karanta mata takardarki sai da ta kira ni sunayen da ba zan rubuta ba, kuma tana da gaskiya.

Ki yi tunani. Idan Kyaftin ya mutu, Odorico ba ke zai zarga ba. Mutumin da ya riga ya yanke cewa tsuntsaye ke kawo kwarkwasa, wa kike jin zai nema? Biyun nan da kika samu, su zai bi, kuma wannan karon ba zai tsaya ba sai ya ga bayansu.

Ki bar shi da Allah. Idan na zo ni da kaina zan hana shi shiga kurmin.

Anacleto

Anajá
Satumba, 1986

Yaya Anacleto,

Gaisuwa gare ka da Cilene da yara. Inna lafiya, ni ma lafiya, sai hannuwa da suka kumbura har gwiwar hannu, amma ban taɓa jin ciwo mai daɗi irin wannan ba. Ban ga amsarka ba tukuna, an ce injin Seu Tibúrcio ya lalace a hanya. Wannan a hannun wani mai sayen garin rogo zan ba da ita.

Na yi, Yaya. Gari na wayewa na ga kwalekwalen su Odorico ya wuce, na shiga kurmi tun kwarkwasa ba ta fito ba, na toshe bakunan da laka, na naɗe da buhu, na ja shi har bakin ruwa na ɗora a kwalekwale. Waɗanda suka rage a waje sun hau ni, sun ci rabonsu, ban saki ba. Na dire shi ƙarƙashin barandarsa na fasa lakar da adda, na koma kwalekwale na zauna.

Kyaftin na ta waƙarsa. Sai da rana ta ɗan ɗaga na ga baƙin layi ya fara hawa ginshiƙi. Waƙar ta tsaya, sai bugun fiffike a jikin keji, ya daɗe yana bugawa, sannan ya daina. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai lokacin da na kusa tashi in sauke kejin, domin shi tsuntsun bai yi mini komai ba. Sai na tuna ɓawon amyoyin Baba, na gyara zama. Da rundunar ta watse cikin ciyawa na jawo kututturen na tura shi kogi, na koma gida na ci abinci har da ƙari.

Da yamma sai ga Odorico a ƙofarmu, rungume da keji, ƙato da shi yana kuka da majina. Na fito na tsaya don in cika idona. Ya ce, “Dona Zuleide, kin gani ko? Na gaya miki. Akwai saura, na ji kukansu a kurmin Anacleto. Sun rama abin da na yi wa 'yan'uwansu.” Inna ta ba shi kofi tana ba shi haƙuri. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Daɗin bai kwana biyu ba. Yanzu haka da nake rubutu ina jin saran gatarinsa. Ya ce tunda ya kasa samunsu da danƙo, zai kwantar da kurmin gaba ɗaya, ya bar shi ya bushe, ya sa wuta ya shuka rogo. Ya ɗauko ƙannen matarsa suna taya shi. Na ce masa ba kurminsa ba ne, ya ce mai kurmin ya zo ya faɗa da bakinsa, shi ba ya karɓar umarni daga mace. Daga bakin kogi suka fara, sheƙar tana can ciki, kuma akwai 'ya'ya a cikinta, na ga iyayen suna kai musu abinci.

Ka zo, Yaya. Ka bar ƙanƙara ta narke, ka hau duk abin da ke iyo ka zo. Maganarka kaɗai za ta tsayar da shi. Idan tsuntsayen nan suka tafi, amyoyina ba za su ga wata damina ba.

Ƙanwarka,
Zuleide

Santarém
Nuwamba, 1986

Ƙanwata Zuleide,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Mu lafiya, sai zuciya da ba ta kwanta ba.

Mai sayen garin naki ya zaga ƙauyukan kogin kaf kafin ya tuna akwai takarda a aljihunsa. Jiya ta iso ni, ta sha gumi har wasu layukan sun goge. Na je wurin maigidan aikinmu, ya ce lokacin kifi ne, duk wanda ya tafi kada ya dawo. Ina da baki biyar a gida, Zuleide. Ki kira ni matsoraci, na karɓa.

Ga wata takarda a ciki zuwa ga Odorico, na sa hannu, na hana shi taɓa ko reshe ɗaya a kurmina. Ki kai masa a gaban mutane. Idan kuma bai ji ba, abu ɗaya ya rage, kin san shi. Ki faɗa masa gaskiya, ki ce ke kika kai kwarkwasar. Zai zage ki, watakila ya daina gaishe ki har abada, amma zai ƙyale tsuntsayen. Ki ce ni na zuga ki, ki ɗora mini duka, ai nawa ne.

Allah ya sa wannan ta riga wuta isowa.

Yayanki,
Anacleto

Anajá
Disamba, 1986

Yaya Anacleto,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Inna tana kwance, hayaƙi ya tayar mata da tarin fiye da na daminar da ta wuce. Ni lafiyata ƙalau.

Takardunka biyu tare suka iso a jirgin Seu Tibúrcio, ta “kada ki yi” da ta “ki faɗa masa”. A kan toka na karanta su. Wadda ka rubuta wa Odorico kuwa na ba Inna ta kunna murhu da ita, domin babu sauran reshen da za a hana shi taɓawa.

Ba sai ka koya mini faɗin gaskiya ba, na riga ka. Sun sare komai suka bar shi yana bushewa, tsuntsayen kuma suka ƙi barin wurin saboda 'ya'yan da suka fara tashi, suna ta shawagi cikin sararrun rassa. Kullum ina cewa gobe za ka zo. Ranar da na ga ya fito da kananzir na san babu wani gobe. Na tare shi a gaban ƙannen matarsa na ce, “Odorico, ni ce. Ni na ɗauko kwarkwasa a kututture na ajiye maka ƙarƙashin baranda. Ina zaune a kwalekwale ina ji har Kyaftin ya daina motsi, kuma na ji daɗi.” Na naɗe hannun riga na nuna masa tabon cizo.

Na shirya wa mari, na shirya wa adda ma. Ka san abin da ya yi? Ya dube ni da tausayi. Ya ce, “Haba Dona Zuleide. Wa ya taɓa ɗaukar kwarkwasa a hannu? Ko namiji bai isa ba. Kina son tsuntsayen nan har kin yarda ki yi wa kanki ƙazafi. Dubi yadda suka sa aka cije ki, amma har yanzu kina kare su.” Ƙannen matarsa suka yi dariya. Na rantse masa da kabarin Baba, ya ce rana ce ta buge ni, a kai ni inuwa. Sannan ya ƙyasta ashana.

Na ji kukansu sau ɗaya daga cikin hayaƙi. Ko sun ƙone, ko sun tsere can ƙuryar daji inda ƙafata ba za ta kai ba, ban sani ba. Abin da na sani, daga ƙofarmu har gangare yanzu baƙin fili ne, kuma irin tsuntsun nan ba ya ƙetare fili.

Abin da ke hana ni barci ba wutar ba ce kaɗai. Na ja kututture da hannuna, na sha cizo, na kashe tsuntsun da bai ci mini komai ba, na rasa masu gadina, duk don mutumin nan ya san ni na yi masa. Ga shi yana yawo a gari yana cewa Dona Zuleide mace ce mai kirki, baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Na fi tsanarsa yau fiye da ranar da na fara rubuto maka, kuma ba ni da sauran abin da zan yi masa.

Tare da wannan takarda Seu Tibúrcio zai ba ka kututture biyu naɗe cikin buhu. Amyoyin Baba ne na ƙarshe. Ruwa ya kusa sauka, kwarkwasa za ta dawo, ni kuma ba zan iya zama bakin benci dare da rana ba. Ka ɗora su a inuwa bayan gidanka, ka cire lakar bakinsu da yamma, kada yara su jijjiga su. Ban sani ba ko za su sami furen da za su ci a Santarém. Idan sun yi zuma, ka aiko wa Inna ko cokali biyu ne.

Jiya Odorico ya aiko matarsa da ƙaton kifi, wai a ba Inna haƙurin hayaƙi, a kuma ce mini yana sa ni a addu'a. Ni na gyara shi, ni na dafa. Inna ta ci har ta siɗe yatsu. Ni ban ci ba.

Zuleide